Sandar Geji da Tsamiyar Nomau

Zuwa ga jikata Inno, takwarar mahaifiyata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ki lafiya. Allah Ya kai ki birni lafiya, Ya tsare ki a mota da masauki, Ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronSa. Kakarki Hajo tana gaishe ki, ta ce ƙullin daddawar da ke cikin jakarki na miya ne, ba na rabo ba.

Tun ranar da babanki ya shigo ya ce an ɗauke ki aikin tsaron bayanan bincike, na gulbi da ƙasar noma da ruwan sama, ƙafata ba ta zauna ba. Na faɗa wa liman. Na faɗa wa mai shayi. Na tare direban Goronyo, wanda bai taɓa ganinki ba, na faɗa mashi. Hajo ta ce, "Malam, jaki kaɗai ya rage bai ji ba." Na ce ai shi na fara faɗa wa. Ni da ban riƙa biro ba sai da na haifi 'ya'ya uku, yau jikata ce za ta zauna gaban kwamfuta, masana suna zuwa neman abu wurinta. Alhamdu lillahi. Na so in ce ko gobe na mutu na ga abin da nake so, amma ba ni son in mutu gobe, don akwai abin da ban gyara ba.

Akwatin ƙarfen da babanki zai ba ki tare da wagga takarda, littattafan geji ne. Su ne kinka roƙe ni da Sallah, kinka ce za ki kwafe su ki sa inda kowa zai gani, na hana ki har na ɗaga maki murya gaban ƙannenki. An ce ko wurin gwajin aiki kin yi alfahari da su. To ki sani, akwai karkata cikinsu. Ni na sa ta. Wani mutum ya rasa noman shekara guda saboda ita, kuma bai yafe mani ba. Ya kafa sharaɗi, sharaɗin kuma a hannunki yake. Kada ki buɗe akwatin sai kin kai ƙarshen takarda.

Kin taso kina jin ana ce mani Garba mai geji. Ga inda sunan ya fito. Lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Goronyo, wasu mutane sunka zo garinmu neman wanda zai riƙa duba tsayin ruwan gulbin Rima. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da maraice, in na taso daga gona. Magidanta ne mu duka, zaune kan tabarma, biro yana zame muna a hannu saboda kanta. Mu uku kaɗai munka iya rubuta lamba ba tare da mun juya ta baya ba, ni kuma gonata ce kusa da gulbi, sai anka ɗauke ni. Sunka kafa sandar ƙarfe a bakin ruwa cikin siminti, da fenti fari da baƙi, da lambobi daga ƙasa zuwa sama kamar tef ɗin tela. Ita ce geji. Aikina in je bayan Asuba da bayan La'asar in ga lambar da ruwa ya taɓa, in rubuta. Ƙarshen wata wani mutum ya zo kan babur, ya yage takardar sama ya tafi da ita, ya bar mani kwafin da ke ƙasa.

Kuskurena na fari, ban san amfanin abin da nake rubutawa ba, kuma na yarda na zauna ban sani ba. Sau ɗaya na tambayi mai babur. Na ce, "Ranka ya daɗe, lambobin ga mi ake yi da su?" Bai ko kashe babur ba. Ya ce, "Kai dai rubuta." Na yi dariya kamar ya ba ni kyauta. Har yau in na tuna wannan dariyar sai in ji kamar in mari kaina. Da ya sauka ya zauna tsawon shan fura, ya ce mani da lambobin nan ake gane inda ruwa zai kai in gulbi ya cika, da duk abin da zan faɗa maki bai auku ba. Shi ya raina ni, ni kuma na karɓi raini da hannu biyu. Inno, duk lambar da za ta iso kwamfutarki, wani ne ya shiga taɓo ya ɗauko ta. Ranar da ya tambaye ki mi ake yi da ita, ki ja kujera ki ba shi. In na ji kin ce wa ɗan wani "kai dai rubuta," ba ni ba ke.

Na biyu ƙarami ne, amma shi ya koya wa hannuna ƙarya. Ƙanena ya yi suna a Gandi, na tafi da niyyar kwana ɗaya, ruwa ya tare hanya na yi kwana huɗu. Da na dawo na ga gurabe takwas ba komai, sai na ji kunya. Na dubi lambar da na bari, na dubi ta ranar da na dawo, na jera wasu a tsakani suna hawa kamar matakala. Sun fi na gaskiya kyau a ido. Mai babur ya yage ya tafi, ba wanda ya gane. Abin da na koya a ranar shi ne ba mai dubawa. Ki bar gurbi a matsayin gurbi. Ki rubuta a gefensa cewa ba a auna ba, da dalili. Wanda ya ga gurbi ya san bai sani ba, sai ya yi hattara. Wanda ya ga lambar ƙirƙira yana zaton ya sani. Na zagaye kwanakin nan huɗu da jan biro a littafi na biyu, za ki gan su.

Yanzu ga babban. Wata damina gulbi ya ci gaɓa, ya kayar da sandar da simintinta duka. Na zo da safe na iske ta kwance rabi cikin ruwa. Tsoro ya kama ni, kada a ce ban kula ba a karɓe aikin a ba wani. Ban aika wa kowa ba. Na ɗaura mata igiya, na sa jaki ya jawo ta, na hau tudu kaɗan inda ƙasa ke da ƙarfi, na gina rami na dasa ta, na danne da duwatsu. Ta tsaya ƙyam kamar ba abin da ya same ta. Sai dai gindinta yanzu ya fi inda yake a da tsawo, da kamar kamu guda. Ma'ana, tun daga ranar, duk lambar da na rubuta ta gaza tsayin ruwa na gaskiya da wannan kamun. Su kuwa can ofis, a takardarsu sanda tana nan inda sunka kafa ta.

Na shigo gida jikina duk taɓo. Hajo tana awon gero, tana sayarwa a cikin gida lokacin. Ta ji abin da na yi, ta ce, "Malam, ka rubuta ka gusa ta?"

Na ce, "Wurin lamba anka ba ni, ba wurin labari ba."

Ta ce, "Ni dai in na sake kwanon awo, ina faɗi ma masu saye."

Na ce, "Ke mi kinka sani ga geji? Auna geronki."

Kakarki ba ta taɓa shiga aji ba, amma a ranar ta fi ni ilimi, ta fi mai babur, ta fi wanda ya buga littafin bai bar layi ɗaya na rubuta abin da ya canza ba. Ki riƙe wannan fiye da komai. Lamba ita kaɗai ba ta da amfani. Dole ta zo da labarinta: wa ya auna, a ina ya tsaya, da mi ya auna, wace rana, kuma mi anka taɓa ko anka gusa. Duk takardar da ta zo maki ba wannan labarin, kada ki karɓe ta da murmushi. Ki bi mai ita da tambaya tun yana raye, tun bai manta ba.

Kin san Nomau, tsohon da ke zama gindin masallacin unguwarmu, wanda idonsa ya yi rauni. Tare anka yi muna kaciya. Manomin albasa ne, a zamaninsa ba kamarsa a fadamar nan. A bakin gonarsa akwai tsamiya. Mahaifinsa ya saba, duk shekara in gulbi ya cika ya koma, sai ya sa gatari ya yi sara a jikinta daidai inda ruwa ya tsaya. Da ya rasu Nomau ya ci gaba. Ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba.

Shekaru bayan na gusa sanda, wasu masu bincike sunka zo da farar mota da manyan takardu. Sunka ce daga lambobina sunka gano iyakar inda ruwa ke kaiwa. Sunka bi fadama suna kafa turaku masu jan kai, sunka ce daga nan zuwa tudu ruwa ba ya zuwa. Sunka kira ni gaban jama'a sunka yaba mani, sunka ɗauki hoto da ni ina riƙe da littafi. Kaina ya yi girma har hula ta matse ni.

Nomau yana ajiye albasarsa can kan tudu, a rudu, rumfar kara mai gado a ciki da ake shimfiɗa albasa ta sha iska har ta yi daraja. Wurin yana da nisa, sai da jakai. An yi sabuwar hanya ta bi ta ƙasa, yana so ya dawo da rudun bakin hanya inda mota za ta ɗauka. Wurin yana bayan turakun, wato inda anka ce lafiya. Amma bai natsu ba, sai ya zo wurina.

Ya ce, "Garba, turakun ga ba su yi mani ba. Tsamiya ta ce ruwa ya wuce nan sau uku, ɗaya ma a shekarun baya-bayan nan ne."

Na ce, "Tsamiya ta yi wane aji?"

Ya ce, "Bar wasa. Buɗe littahinka mu gwada da saran, in sun yi daidai hankalina ya kwanta."

Na ce, "Littafin hukuma ne, ba a buɗe wa kowa. Mutane sun zo da mota sun yi lissafi, kai kana kawo mani gatari."

Ya ce, "To, kai ka yi karatu. Na bi ka."

Inno, littafin yana cikin aljihun rigata lokacin. Da na zaro shi munka taka zuwa gindin tsamiya, kafin La'asar da mun ga ba su yi daidai ba, da na tuna da sanda. Ba wanda ya ce mani kada in nuna wa kowa. Ni na ƙaga wannan dokar don in fi abokina. Ki kula da wannan ciwon, yana kama masu ajiya. Mutum ya zauna kan abin da ba nasa ba, ya riƙa jin daɗin cewa a'a. Bayanan gulbi na masu shan gulbin ne. Duk wanda ya zo nema, ɗalibi ne ko manomi ko mai kamun kifi, ki ba shi, sai fa abin da zai tona asirin wani ko ya cuce shi. Kuma in ya ce abin da ya sani ya saɓa da naki, kada ki tambaye shi ajin da ya yi. Ki tashi ki je ki gani.

Nomau ya gina rudu huɗu a bakin hanya, ya zuba albasar shekara duka. Damina ta yi ƙarfi, gulbi ya cika. Wata safiya na fita duba geji, na iske ruwa ya shanye turakun ba a ganin ko jan kansu, ya hau gadajen rudun ya zauna. Na ratsa ruwa na kai ga sanda. Lambar da na karanta ba ta kai wadda masu farar mota sunka ce ita ce ta haɗari ba. Ga ido yana ganin ruwa cikin albasar mutum, ga sanda tana cewa lafiya lau. A nan tsaye, ruwa har ƙugu, na gane abin da na yi. Na rubuta lambar, na koma gida.

Albasa in ta sha ruwa ba ta jiran kowa. Cikin kwana uku wari ya hana bin hanyar. Na taya Nomau kwashe ruɓaɓɓiya da shebur muna zubarwa. Yana cewa, "Haka Allah Ya so." Ina cewa, "Haka ne." Ya sayar da shanun huɗarsa, ya koma noma da hauya da furfura a kansa. Ni kuma ina zaune kusa da shi sahu ɗaya a masallaci, shekara da shekaru, bakina a rufe. In kin yi kuskure a aikinki, kuma za ki yi, ki faɗa ranar da kinka gane. A ranar nauyinsa na tulu ne. Nawa na bar shi har ya zama dutsen da na kasa ɗagawa.

Kada ki zaci ni kaɗai nake jin haushi. Masu farar mota ba su dawo ba. Ko mutum ɗaya bai zo ya tsaya bakin fadama ya ce, mun kafa turaku, ruwa ya ƙaryata mu, bari mu ga inda abin ya karkace. Da sun zo sun auna gindin sandar da abin awonsu, rana ɗaya ta isa. Sun samu abin da sunka zo nema, sun rubuta abin da za su rubuta da Turanci, sun ajiye can inda ba mu da labari. Hoton da sunka ɗauka ma ban gan shi ba. Daga baya mai babur ya daina zuwa, ba sallama. Ni na ci gaba da rubutu, don ƙafata ta saba da hanyar gulbi. In littafi ya cika in sayi na 'yan makaranta in ja layi da kaina. Wani ya zo da takalmi mai ƙyalli ya ce aron littafi biyu yake so, mako biyu zai maido. Ban sa ya rubuta sunansa ba, ban kwafe ba. Shekara biyu na rayuwar gulbi sunka bi shi, har yau. Mutanen da ke zuwa su kwashi sanin talaka kamar masu roron gyaɗa, su tafi ko waiwaye babu, Allah Ya isa tsakanina da irin aikinsu. Kada ki zama cikinsu.

Abin da ya fi ƙona mani rai ya zo daga baya. Wata mata mai bincike ta zo, mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce kwafin da ke hannuna take roƙo, don nasu ya salwanta. Na ce kamar yaya ya salwanta? Ta ce takardun an tara su a wani ɗaki, rufi ya yi yoyo. Waɗanda anka shigar a kwamfuta kuma suna kan wasu tsofaffin faifai da ba injin da ke buɗe su yanzu. Mutumin da ya san yadda anka jera su ya yi ritaya, ba a san inda yake ba. Na tuna sanyin Asuba da na sha, da ƙaiƙayin ƙafa, da ranar da maciji ya bi ta kan takalmina. Na ce, "Hajiya, ni da ɗakin ƙasa na riƙe nawa, ku da bene da lantarki kun kasa? Tashi ki ba ni wuri." Ta tafi idonta ya yi ja.

Fushina na gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ya sa na kore ta ba. Tsoro nake ta duba da kyau ta gano sandar. Na zuba littattafan a buhu na jefa bayan rumbu, na yi shekaru ban leƙa ba. Da na buɗe, gara ta cinye uku, ta bar mani bango da ƙasa. Su sakaci ya ci nasu, ni ƙeta da kunya sunka ci nawa. Gulbi kuma ba ya maimaita shekara don wani ya sake aunawa.

Saboda haka ki ji. Abin da ke wuri ɗaya, ki ɗauka ya riga ya ɓata. Ki yi kwafi, ki raba su gari daban-daban, wani a injin, wani a takarda. Ki riƙa buɗe su kina dubawa kamar yadda ake leƙa rumbu, kada ki jira ranar buƙata. In an sake injin, ki kwashe tsohon kaya ki maida cikin sabo tun tsohon yana numfashi. Kada ki ajiye su ta hanyar da sai mai tsadar inji zai iya buɗewa. Kuma kada ki yarda ki zama ke kaɗai kinka san inda komai yake. Akwai daɗi a ce in ba ke ba aiki ya tsaya, na san daɗin, guba ne. Ki rubuta yadda kinka jera komai, ki koya wa na kusa da ke, yadda ranar da kinka tafi haihuwa ko kinka bar aikin ba wanda zai durƙusa gaban wani tsoho yana roƙo.

Da labarin aikinki ya zo, murna ta ɗauke ni kwana biyu. A na uku Hajo ta ajiye mani tuwo ta ce, "Yanzu sai ka bar jikarmu ta ɗauki karkataccen kwanonka ta auna ma duniya?" Ban iya cin tuwon ba. Shekaranjiya bayan Azahar na kama hannun Nomau na ce ya raka ni gindin tsamiya. Munka tafi a hankali, shi da sanda, ni da littafi. A can na faɗa mashi komai, tun daga jaki da igiya.

Ya matsa kusa da tsamiyar. Yana shafa jikin iccen da tafin hannu. Sannan ya ce, "Garba, ashe kai munahuki ne."

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Ba albasa ta ƙona man rai ba. Albasa ana shuka wata. Tun shekarar nan nike zaton ubana ne bai iya sara ba. Ko da ruwa ya ci rudun, na ɗauka tsautsayin shekara guda ne, tunda littahi ya ce bai saba kaiwa nan ba. Na riƙa ganin mu jahilai ne, icce muke bi. Har na so in bari. Kai kuwa kana gefena kana amin."

Ban taɓa tunanin wannan ba, Inno. Na ɗauka albasa na ɓata mashi. Ashe na sa mutum ya raina mahaifinsa a kabari.

Na ce, "Ka bari ɗin?"

Ya ce, "In bari don wa? Kawo hannunka." Ya kama yatsana ya riƙa ɗora shi kan saran ɗaya bayan ɗaya. Wanga na shekarar da anka haifi ɗiyarsa Hadiza. Wanga na shekarar da rijiyar masallaci ta rufta. Wanga na shekarar albasa. Bai tsallake ko ɗaya ba, kuma duk shekara yana sabunta tsofaffin don kada ɓawo ya rufe su. Ya ce sara ba ya hawa in icce ya girma, inda anka yi shi nan yake zama. Sai na ga abin da ya kamata in gani tun muna da ƙarfi. In anka gwada saran da lambobina na kafin in gusa sanda, sannan anka gwada da na bayan nan, bambancin zai fito, ba kamu na zato ba, na awo. Da shi za a miƙe duk littattafan. Har shekarun da gara ta ci da waɗanda mai takalmi ya tafi da su, tsamiya ta riƙe iyakar cikar ruwansu. Gatarin da na yi wa dariya shi zai gyara biro.

Na ce, "Nomau, ka yafe mani."

Ya ce, "Tukuna. Jikar taka da kake ta cika muna kunne da ita, ta zo ta auna iccen ga da kanta. Ta rubuta sunan ubana da nawa kusa da naka. Ta rubuta kai ka gusa sanda. In ta gama ta dawo nan ƙofar masallaci ta karanta muna da Hausa, kowa ya ji inda ruwa ke kaiwa, don yaran yanzu sun fara gini wurin da rudu na yake. Ranar nan in yahe maka. In na riga mutuwa, ku ƙarata da Allah."

Sharaɗin ke nan. Ban yi mashi gardama ba, don bai nemi abin da ya wuce haƙƙinsa ba.

Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne. Kin shiga ofis da sunan jikar mai geji, yanzu ina so aikinki na fari ya zama rubuta cewa mai gejin ya yi ha'inci. Wataƙila wani ya yi maki dariya. Ki bar shi. Kada ki sassauta kalma don ni, kada ki ce sanda ta gusa, ki ce Garba ya gusa ta bai faɗa ba. Na riga na rubuta haka da jan biro a shafin ranar, na sa hannu, liman ya sa nasa a matsayin shaida. Kada ki goge lambobin da sunka karkace, ki bar su yadda suke, ki sa gyararrun a gefensu, don mai zuwa bayanki ya ga abin da kinka yi, in kin yi kuskure shi ma ya gyara ki. In kin iya gano matar nan da na kora, ki kai mata kwafi, ki ce tsohon ya ba da haƙuri. Sunan mahaifiyata gare ki. Ita ban taɓa iya yi mata ƙarya ba, ke ma ga shi na kasa.

Allah Ya yi maki albarka. Ya sa ki fi mu gaskiya, Ya tsare hannunki daga rubuta abin da idonki bai gani ba, Ya tsare ki daga girman kai na masu ajiya. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya kai ki lafiya, Ya maido muna ke lafiya. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci, ki kira kakarki ranar Juma'a.

Hutun farko da kinka samu, ki zo da tef. Kada ki bari sai damina. Gulbi ya fara cin ƙasar gindin tsamiyar, Nomau kuma ya girme ni da shekara biyu.

Wassalam. Kakanki,
Garba mai geji.